Zama A Unguwar Masu Hali: Darasi Ga 'Yan Ƙofar Ruwa

Duk wanda ya tashi a Ƙofar Ruwa ya san cewa da wuya gari ya waye ba a ga motoci suna fita daga kasuwarmu ɗauke da rodi da kwanon rufi da bututun famfo da ƙofofin ƙarfe ba. Da yawa daga cikin kayan nan ba sa tsayawa sai sun dangana da Nasarawa ko Bompai ko Hotoro, watau unguwannin masu hali na bayan gari waɗanda ake kira GRA. Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan ka tambayi ɗalibi a makarantarmu abin da yake buri in ya girma, ya ce maka yana so ya yi gida a can, mai get da maigadi da shuke-shuke. Burin nan ba laifi ba ne. Amma tun da yake daga cikinmu ne za a sami magina da injiniyoyi da masu gidajen gobe, ya kamata mu san yadda aka yi waɗannan unguwanni suka samu, da kuma abin da zama a cikinsu yake ci. Kano dai ba cikin hamada take ba, amma maƙwabciyarta ce. Akan shafe fiye da rabin shekara ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ga ƙurar hunturu, ga kuma zafin bazara da kan kai maki 40 a ma'auni.

Asalin Unguwannin

A zamanin da, attajirin Kano ba ya ware kansa daga jama'a. Fatake da Larabawan da suka yi arziki da cinikin hamada suna zaune ne a cikin ganuwa, kusa da kasuwar Kurmi, a unguwanni irin su Alfindiki da Dandalin Turawa. Ko Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu cikin 1955 ana lissafa shi a kan gaba cikin masu dukiyar Afirka ta Yamma, a cikin birni yake zaune, wajen Sarari da Ƙoƙi, katangarsa na jingine da ta maƙwabta.

Al'amarin ya fara sakewa ne bayan da Turawan Ingila suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka sauka gabas da ganuwa, wajen gidan Sarki na Nasarawa, daga baya suka bazu zuwa Bompai. Da jirgin ƙasa ya iso cikin 1911 sai baƙi suka yi ta kwararowa, aka kafa Sabon Gari domin ma'aikatan da suka zo daga kudu. Ta haka garin ya rabu gida-gida: ga birni na Kanawa, ga Fagge da Sabon Gari na baƙi, ga kuma unguwar Turawa.

Ƙa'idar da Gwamna Lugga ya shimfiɗa ita ce a bar fili fetal mai faɗin yadi 440, watau kusan mita 400, tsakanin gidajen Turawa da na 'yan ƙasa, kada kowa ya yi gini a cikinsa. Hujjar da suka bayar ita ce wai kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga gidajen baƙar fata ya kai musu. Ba a yarda ɗan ƙasa ya kwana a unguwar ba sai fa in kuku ne ko boyi ko maigadi, su ma a ɗan ɗakin da aka yi musu can bayan gida. Kowane gida aka ba shi makeken fili, aka shata tituna miƙaƙƙu, aka dasa itatuwan maɗaci da darbejiya a bakinsu, aka ware filin sukuwa da kulob. A filin sukuwar nan ne jirgin sama ya fara sauka a Kano cikin watan Nuwamba na 1925.

Da aka sami mulkin kai cikin 1960 sai manyan ma'aikatanmu suka gaji gidajen. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano cikin 1967, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ma'aikata suka ƙaru, sa'an nan kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya sa 'yan kasuwa da 'yan kwangila su ma suka fara neman fuloti a can. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 kuwa ta mayar da filayen gari hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka. Daga nan gonakin ƙauyukan kewaye suka riƙa zama fulotai, unguwannin masu hali suka yi ta miƙewa. A taƙaice, tsarin da aka yi domin raba Bature da baƙar fata shi ne ya koma yana raba mai hali da talaka.

Daɗin Zaman

Kada mu ƙi faɗin gaskiya, zaman can yana da daɗinsa. Akwai yalwar fili da iska. Mota tana shiga har ƙofar gida, wanda yake babban abu ne ranar da aka tashi da mara lafiya cikin dare, ko gobara ta kama. Mu kuwa mun san lungunanmu da ko amalanke sai an yi dabara take wucewa. Inuwar itatuwa tana rage zafi, tana kuma tare ƙura. Ɗalibi yana samun wurin da zai yi nazari ba hayaniya. Bugu da ƙari, rashin cunkoso yana rage yaɗuwar cututtuka irin su sanƙarau, wanda kan tashi da zafi inda mutane da yawa suke kwana a ɗaki ɗaya mara taga, kamar yadda aka gani a annobar 1996. Duk waɗannan abubuwa ne da ya kamata kowace unguwa ta samu, ba ta masu hali kaɗai ba. To, amma kowane daɗi yana da kuɗinsa, kuma ba kullum ne mai shan daɗin yake biya shi kaɗai ba.

Maganar Ruwa

Babban abin da gidan mai hali yake ci shi ne ruwa. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, mutum ɗaya yana bukatar lita 50 zuwa 100 a rana domin sha da girki da wanka da wanki. A unguwarmu gidaje da yawa ba sa samun ko rabin wannan, domin da jarka ake saye wurin 'yan garuwa, kowace jarka kuwa lita 25 ce. A can kuma, ban da bukatar mutanen gida, akwai ban-ruwan ciyawa da furanni safe da yamma, da wankin motoci, da wanke farfajiya, wani gidan ma har da kwamin wanka. Ciyawar ado ba ta san rani ba, kullum sai ta sha, in ba haka ba ta ƙone cikin 'yan kwanaki.

Daga ina ruwan nan yake fitowa? An fara jawo ruwan famfo zuwa Kano daga kogin Challawa a farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka yi tanki a kan Goron Dutse, kuma daga nan Ƙofar Famfo ta samo sunanta. Bayan haka aka gina madatsar Tiga, wadda aka gama cikin 1974, da ta Challawa cikin 1992, ana tace ruwa a Challawa da Tamburawa. Duk da haka garin ya fi ƙarfin famfo, domin miliyoyin mutane ne a cikinsa yanzu. Shi ya sa duk mai hali in zai yi gini, abin da yake fara yi shi ne haƙa rijiyar burtsatse, ya ɗora tanki a sama, ya sa inji yana tura ruwa.

A nan ne darasin labarin ƙasa yake da amfani. Kano tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri. Ruwan da ke ƙarƙashinmu ba wani kogi ne yake gudu ba, ruwan damina ne da ya tsuma ya taru a cikin rugurgujewar dutsen da tsagoginsa, kuma yana da iyaka. Idan inji ya yi ta zuƙa daga wuri guda, sai ruwan kewaye ya riƙa gangarowa can, matsayinsa ya yi ƙasa. Misalinsa kamar yara ne suka kewaye ƙwaryar fura guda, amma ludayin wani ya fi na sauran tsawo da girma. Rijiyar gargajiya ta gidan talaka, wadda aka haƙa da hannu, ita ce mai gajeren ludayi, saboda haka ita ke fara ƙafewa. Hausawa na cewa ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A Kano ta yau kuwa akwai wanda ya tona, ya sha shekaru yana ɗiba, ya wayi gari guga na dawo masa da laka. Katanga komai tsawonta tana raba fili ne a sama, ba ta raba ruwan da ke ƙasa.

Wani abin kuma shi ne, yawancin sababbin gidaje ana shafe farfajiyarsu gaba ɗaya da siminti. Idan aka yi ruwa ba shi da inda zai nutse, sai ya bi kwata ya fita titi, ya je ya cika gidajen da ke kwari. Mu ma a birni ba mu kuɓuta daga irin wannan laifi ba. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini su ne suke tare ruwan damina, su riƙa shayar da rijiyoyin unguwa a hankali. Yanzu an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Sakamakon abin duka ɗaya ne: ambaliya da damina, ƙishirwa da bazara.

Maganar Zafi

Abu na biyu shi ne zafi. Maginan Kano na da sun san garinsu. Suna gini da tubali, bango mai kauri, a yi rufin soro da azara, a shafe da makuba, a sa indararo. Bango mai kauri yana jinkirta zafi: rana za ta yini tana dukansa amma zafin ba zai ratsa ciki ba sai dare ya yi, lokacin da mutane suka fito tsakar gida shan iska. Da hunturu kuma ɗumin da ya adana ne yake kare masu gida daga sanyin asuba. Tagogi ƙanana ne, domin kada ƙura da hasken rana su cika ɗaki. Har Baturen nan Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, da ya buɗe makaranta a Nasarawa cikin 1909, a gidan ƙasa irin namu ya zauna. Gidan Ɗan Hausa yana nan har yau, duk mai so yana iya zuwa ya shiga da tsakar rana ya ji bambanci da jikinsa.

Gidan zamani kuwa da bulon siminti ake yinsa, bango siriri, rufin kwano, ga manyan tagogin gilashi, wani lokaci suna fuskantar yamma inda ranar la'asar take dukansu kai tsaye. Irin wannan gida da bazara tanda ne, ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki. Na'urar kuwa tana bukatar wuta, wutar kuma ba ta tsayawa, saboda haka dole a ajiye janareto a riƙa ɗura masa mai, ko a kashe kuɗi mai yawa a kafa sola. Injin da ke tura ruwa sama shi ma wutar yake jira. Ashe ke nan ran da mai ya yi wuya, gidan da ya fi kowane kyau a titi yana iya rasa sanyi da ruwa a lokaci guda.

Maganar Maƙwabtaka

Abu na uku ba a auna shi da lita ko da naira. A birni gida yana farawa ne da zaure, inda maigida yake zama da baƙinsa, almajiri ya fake, maƙwabci ya leƙo a gaisa. Ga dakali a ƙofar gida, ga ciyayya tsakanin gidaje, ga mai unguwa da dattawan masallaci da ke sasanta rigima tun ba ta kai ga hukuma ba. Yaro in ya yi ba daidai ba, kowane babba yana iya tsawata masa. Idan aka yi rasuwa, kafin a gama wanka lungu ya cika.

A unguwar masu hali kuwa get ne ya maye gurbin zaure, maigadi ne yake karɓar sallama. Mutum yana iya shekara bai san sunan wanda suke haɗa katanga da shi ba. Yara daga gida sai mota, daga mota sai makaranta. Tsofaffin da 'ya'yansu suka ɗauke su daga birni don su huta, sau da yawa sukan ce a mayar da su, domin ba su da abokin hira. Shi ya sa za ka ga masu hali da yawa ba sa sayar da gidan gado. In sun tashi ɗaurin aure ko suna, ko ranar salla, ƙofar gidan nan na cikin lungu suke komawa. Zumunta dai a ƙafa take, in ji masu iya magana, ƙafa kuwa ba ta tsallake katanga mai waya a kai.

Abin Da Ya Faru A Wasu Ƙasashe

Kada mu zaci Kano kaɗai ke fama da wannan. A ƙasar Amurka akwai jihar Arizona, wadda yawancinta hamada ce, kuma kewayen babban birninta Phoenix cike yake da unguwannin masu kuɗi, da filayen wasa kore shar. Wata unguwa da ake kira Rio Verde Foothills, ta mutane masu manyan gidaje, ɗaruruwan gidajenta sun dogara ne da tankokin da ke sayo ruwa daga garin Scottsdale. Da kogin Colorado ya ja baya saboda fari, sai hukumar garin ta rufe musu famfo ranar 1 ga Janairu, 2023, ta ce mutanenta za ta fara ji da su. Masu gidajen suka koma tarar ruwan sama da rage wanka, suna sayen ruwa daga nesa da tsada, sai da aka yi watanni ana kai ruwa rana kafin a samo musu mafita. Cikin watan Yuni na shekarar kuma gwamnatin jihar ta ba da sanarwar dakatar da amincewa da sababbin unguwannin da za su dogara da ruwan ƙarƙashin ƙasa a kewayen Phoenix.

A jihar Nevada mai maƙwabtaka da su, inda birnin Las Vegas yake, an yi doka cikin 2021 ta a tuge ciyawar ado da ba a amfani da ita a bakin tituna da harabar ma'aikatu, kuma hukumar ruwa ta daɗe tana biyan masu gidaje kuɗi su cire tasu su dasa tsiron da ke jure fari. Dubai kuwa, wadda 'yan kasuwarmu suka sani sarai, yawancin ruwan da take sha daga teku ake tace shi da injuna masu cin wuta ƙwarai. Mu ba mu da teku, ba mu kuma da kuɗinsu. In har waɗannan sun ga uwar bari, to, mu ne ya fi kamata mu yi hattara. Gemun ɗan'uwanka in ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin Yi

'Yan'uwana ɗalibai, ga wani ɗan lissafi da kowa zai iya gwadawa a littafinsa. Ruwan sama milimita 1 in ya sauka a kan fili mai faɗin mita 1 da tsawon mita 1, lita 1 ke nan. Mu ɗauki rufin kwano mai mita 10 sau 10. In aka sami ruwa milimita 800 a damina, wanda ba baƙon abu ba ne a Kano, lita 80,000 ce ta sauka a kan rufin, watau jarka 3,200. Gida mai mutum 10, kowa yana amfani da lita 50 a rana, wannan zai kai su kwana 160. Ko da rabi aka iya tarawa, an rage wa rijiya da aljihu nauyi mai yawa. Bututu da tankin da ake bukata kuwa duk a kasuwarmu ake sayar da su.

Saboda haka duk wanda Allah ya hore masa ya tashi yin gida, a GRA ne ko a birni, ga shawarwari. Ya sa indararo mai bututu zuwa tanki ko rijiya. Ya bar wani sashe na farfajiya ba siminti, domin ruwa ya sami wurin nutsewa. Maimakon ciyawar ado ya dasa darbejiya ko tsamiya ko zogale, waɗanda da zarar sun kama ba sa neman ban-ruwa. Ya kaurara bango, ya ɗaga rufi, ya kauce wa manyan tagogi ta yamma. In ya haƙa burtsatse ya fito da kan famfo ɗaya waje, domin ruwan da yake zuƙa da rabon maƙwabta a ciki, ba alfarma yake yi musu ba. Sa'an nan ya yi zaure, ko ɗan ƙarami ne.

Iyayenmu na kasuwa kuma, ku ne mai gini yake fara zuwa wurinku kafin ya sa harsashi, kuma yana jin maganarku. In ya zo sayen rodi da kwano ku tuna masa da tankin tarar ruwa, ciniki ne a gare ku, alheri ne kuma ga gari. Mu da ke cikin birni, namu aikin shi ne mu daina zuba shara a kwatami, mu tsare kududdufan da suka rage, mu kuma roƙi hukuma ta kawo mana irin tsari da inuwar da ake jin daɗinsu a Nasarawa.

Daga ƙarshe, ina fata malamanmu na labarin ƙasa za su shirya mana ziyara zuwa Gidan Ɗan Hausa da matatar ruwa ta Tamburawa, domin gani ya kori ji. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma hore wa kowa muhallin da zai zauna lafiya da maƙwabtansa, amin.